Tuwon masakwa da miyar yakuwa da banda, yadda ake haɗa su a Garwa

Miyar yakuwa ba ta da tsadar kaya. Ganye ne da kifi da gyaɗa da albasa, zagaye ɗaya a kasuwa ya ishe ki haɗa su. Amma ki ci ta a gida uku cikin unguwar Hausare ta Garwa, a arewacin Kamaru, miya uku za ki ji. Wata tsaminta ya kashe miki haƙora. Wata an zabga mata kanwa ta koma ruwan ƙasa, tana wani santsi da ɗanɗanon sabulu. Ta ukun ita ake nema: tsamin yana nan yana taɓa gefen harshe, gyaɗa ta tausasa shi, ƙamshin banda ya hau kansa. Abu biyu ne suka raba su, yadda aka bi da tsamin da kuma abin da aka fara sawa a tukunya. Tsamin yakuwa rage shi ake yi, ba a kashe shi, kuma duk abin da ke buƙatar nuna sai ya nuna kafin ganye ya shiga.

Awon da zan bayar na manya shida ne. Na tuwo, gari kilo ɗaya da kwata da ruwa lita uku da rabi. Na miya, yakuwa ɗauri uku manya, wadda in an tsinke za ta kai rabin kilo, bandar tarwaɗa rabin kilo, gyaɗa ɓararriya kofi biyu, albasa biyu, attarugu biyu, tattasai biyu, tumatir biyu kacal, daddawa, tafarnuwa, citta, masoro, gishiri, mai cokali huɗu, da kanwa kamar ƙwayar wake, wadda wataƙila ma ba za ki taɓa ta ba. Mai son wake a miya ta ƙara kofi ɗaya.

Tun jiya: hatsi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da aka niƙo yau aka tuƙa yau yakan zo da zafin inji da danshi, tuwonsa ya yi ta yin gudaji.

Masakwa dawar rani ce. Renon irinta ake yi, a dasa a ƙasar laka wajen Satumba zuwa Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, ta rayu da danshin da ƙasa ta sha da damina, a girbe ta a Janairu da Fabrairu. Filayen Diyamare da ke kewaye da Marwa sun shahara da ita, haka yankin Salamat a Chadi. A kasuwa ki tambayi muskuwari, sunan masakwa a nan, ki ce irin safrari kike so, mai ruwan ɗorawa. Tuwonta yana da danƙo da ɗan garɗi, shi ya sa yake tsaya wa miya mai tsami. Jar dawar damina, njigari, ta fi araha kuma tana yi, sai dai in ba ta surfu sosai ba tuwon yakan yi duhu da ɗan bauri. Masara ma tana yi, gidaje da yawa a Garwa ita suke tuƙawa, amma a bakina tuwon masara bin miya kawai yake yi.

Ki yayyafa wa hatsin ruwa, a surfa a turmi ko a inji, ki sheƙe dusar, ki wanke har ruwan ya yi haske, ki rege tsakuwa da ƙwarya. Ki baza a kan buhu mai tsabta ya sha iska, sannan a kai niƙa. Ki ja kunnen yaron da kika aika kada ya bari a zuba naki a bayan mai niƙan barkono ko wake, ya kuma ce a maimaita sau biyu. In ya dawo ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki ware tsakin, ki baza garin a faranti ya huce ya kwana a buɗe da mayafi mai tsabta a kai.

A kasuwa

Yakuwa ki nemi mai ƙananan ganye masu taushi, wadda ba ta fara fure ba. Ki tsinki ganye ɗaya ki tauna a nan gaban mai tallar, ba wanda zai ce miki don me. Wannan taunar ce za ta gaya miki aikin da ke gabanki. Ta farkon damina da ta lambu tsaminsu da sauƙi. Ta ƙarshen damina, wadda ganyenta ya yi kauri karan ya yi ja, sai an tsaya mata.

Kifi kuwa mun gode Allah. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, banda ba ta yanke wa Garwa. Mutanen Marwa nasu yana zuwa ne daga tafkin Maga da aka yi a 1979 da kuma kogin Logon. Tarwaɗa ta fi dacewa da wannan miya saboda tana da maiƙo da tsoka, ƙayarta kuma ba ta da yawa. Karfasa tana da daɗi, amma a gidan da ke da yara ƙanana ƙayarta fitina ce.

Kada kyan baya ya ruɗe ki, cikin banda ake dubawa.

"Inna, ɗan karya mini guda in gani."

"Haba 'yata, na shekaranjiya ne fa, daga Lagdo aka sauke."

"Ai ban musa ba Inna, a dai karya."

In ta karya kika ga tsokar a haɗe, ruwan zuma, tana ɓallewa sala-sala, ki saya. In gari ya zubo ko kika ga ƙananan huji, ƙwari sun riga ki. Ki kuma kai hanci. Ƙamshin hayaƙi kike nema. Wasu masu ajiya suna fesa wa kifi maganin ƙwari don ya daɗe, saboda haka in kika ji wari irin na fiya-fiya ko kalanzir, ki ajiye mata abinta ki yi gaba, wanki ba ya fitar da shi.

Gyaɗa kuma gara ki sayi ɓararriya ki gyara da kanki da ki sayi markaɗaɗɗiya wadda ba ki san me aka zuba a ciki ba. Ki tsince duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki zubar. Fumfunar gyaɗa tana da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi.

Gyaran kaya

Ki soya gyaɗar sama-sama a kasko ba mai, har ɓawon ya fara saki. Kada ta yi ja irin ta ƙuli-ƙuli, don mai ja tana sa miya ɗaci. Ki murje, ki fece ɓawon, a niƙa ta yi laushi.

Bandar ki zuba mata ruwan zafi da ɗan gishiri ta yi minti goma, ki goge bayan da hannu ki zubar da wannan ruwan. Ki buɗe cikin ki cire datti da ƙaya, ki ɓare tsokar manya-manya. Kawunan da ƙashin baya kada su tafi bola. Ki zuba su a ƙaramar tukunya da ruwa lita ɗaya da rabi su yi minti goma sha biyar suna tafasa, ki tace. Wannan romon shi ne ruwan miyarki, kuma wadda ta yi shi dunƙulen magi ɗaya ya ishe ta.

In za ki sa wake, yanzu ne lokacinsa. Ki surfa, ki wanke, ki dafa shi daban har ya yi luguf. Waken da ya haɗu da tsami bai nuna ba, ya tsaya ke nan, ko itacen gidan za ki ƙarar a kansa. Haka nama ga mai son sawa, sai ya yi laushi tukuna.

Yakuwar ki tsinke ganyen ki bar kara da jijiya, ki wanke a ruwa mai yawa sau biyu ko uku, kina tsamo ganyen sama don yashi ya zauna a ƙasa. Ki yanka ba ƙanana sosai ba, da kanta za ta narke.

Tsamin

Ki ɗora ruwa ya tafasa sosai, sannan ki zuba ganyen ki danna shi da ludayi. Nan take za ki ga koren ya dushe, ya koma kalar ɗanyen lalle da aka kwaɓa. Kada ki tsorata, halin ganye mai tsami ke nan in ya ji zafi. Ki ba shi minti biyar, ki juye a kwando, amma ki tari kofi ɗaya na ruwan ki ajiye a gefe, zai yi miki rana. Ki danne ganyen da bayan ludayi ya tsane, ki ɗanɗana.

Abin da kike so ki ji shi ne tsamin da ya ɗan fi wanda kike so a miya, domin gyaɗa da romo za su cinye wani kaso. In ya sa kin runtse ido, ki sake zuba masa tafasasshen ruwa ya yi minti biyu ki tsiyaye. Daga nan ki tsaya. Ganyen da aka tafasa sau uku ya zama dusa, ba tsami ba ƙamshi, amfaninsa ma ya bi ruwa. In kuwa ta farkon damina ce mai taushi, wadda kika tauna a kasuwa kika ji da sauƙi, ba sai kin tafasa ba, ki zuba mata ruwan zafi kawai ki tsiyaye.

Sai maganar kanwa, inda nake saɓa wa mata da yawa. Kanwa da tsami abokan gaba ne, in suka haɗu sai kumfa ta taso, tsamin ya mutu gwargwadon kanwar da aka sa. Saurinta ne ya sa ake son ta, a jefa dunƙulenta a tukunya a huta da tafasa da tsiyaya. Matsalar ita ce ba ta san iyaka ba. In ta gama da tsamin sai ta koma kan miyar, ta mai da ita ruwan ƙasa, ta sa mata santsi, ta kuma lalata wasu sinadaran gina jiki da ke cikin ganyen da waken. Ƙarfinta ma ba ɗaya ba ne. Wadda ake kawowa daga yankin Kanem da bakin tafkin Chadi akwai fara akwai mai duhu, wata guntuwa kaɗan ta yi aikin babba. Saboda haka ba a jefa ta a dunƙule. Ki jiƙa kamar ƙwayar wake a rubu'in kofi na ruwa, ki bari yashin ya kwanta, ki ajiye ruwan saman kusa da murhu. Sai miya ta haɗu, kin ɗanɗana kin ga akwai buƙata, sannan ki sa cokali ɗaya, ki jira kumfar ta kwanta, ki sake ɗanɗanawa. In kin tafasa ganyen yadda ya kamata kuma gyaɗarki ta isa, sau da yawa haka za ki zubar da ruwan kanwar ba ki taɓa ba.

Abu na ƙarshe kafin ki bar ganyen: ki burge shi da maburgi tun yana cikin kwano har ya farfashe. Masu burgawa a cikin tukunya suna dagargaza kifin, a zo ci a rasa tsoka ko ɗaya.

Haɗa miya

Ki zuba mai a tukunya. Man gyaɗa ya fi ƙamshi, man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke yi shi ma yana yi, cokali huɗu dai ya isa tunda gyaɗa za ta fitar da nata. Ki soya albasa ɗaya da rabi har ta yi laushi, ki zuba jajjagen attarugu da tattasai da tumatir. Na ce tumatir biyu kacal saboda shi ma tsami gare shi, ba a ƙara wa Barno dawaki. Ki soya har ruwan ya ƙone mai ya fito.

Ki daka daddawa da tafarnuwa da citta da masoro ki zuba. Daddawar kalwa tana yi, amma in kin samu ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwar kanta, a nan ake ce mata mbuja, ita ce asalin abokiyar wannan miya. Warinta da ƙarfi, rabin abin da kika saba sawa na kalwa ya isa. Ki juya sau biyu, ki zuba romon kifi, ki bari ya tafasa.

Ki dama gyaɗar da ruwan ɗumi ta zama kamar kunu mai kauri, ki tsiyaya a tukunya kina juyawa. Ki rage wuta, ki ɗora murfi a karkace, don gyaɗa in aka rufe ta ruf sai ta yi bori ta kashe wuta. Duk bayan minti uku ko huɗu ki kai ludayi har ƙasa ki juya. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar take ɗauka, amma ido ya fi agogo. Da fari miyar fara ce tana kumfa. Can sai kumfar ta kwanta, tafasar ta koma ɓul-ɓul a hankali, sai ki ga jajayen ɗigon mai suna fitowa a gefen tukunya suna haɗuwa da juna. Gyaɗa ta nuna ke nan. Wadda ta zuba yakuwa kafin wannan, miyarta za ta yi gafi, ta tsinke ruwa gefe gyaɗa gefe, ga kumburin ciki da dare.

Da kin zuba gyaɗar nan ki ɗora ruwan tuwo a ɗaya murhun, lokacinsu zai zo daidai.

Mai ya fito, sai kifi da wake su shiga su yi minti goma. Sannan yakuwa. Ki juya a hankali daga gefe, ki yanka sauran rabin albasar a kai, ki bar ta minti goma a wuta kaɗan. Yanzu ne za ki sa gishiri da dunƙule, ba da farko ba, saboda banda da daddawa da tsami duk suna ƙara wa gishiri kaifi.

Ki ɗanɗana da ɗan tuwo ko gutsuren burodi, don miyar da aka lasa ita kaɗai kullum tana fin yadda take tsami. In ya yi yawa, cokalin ruwan kanwa. In ya ɓace, ga kofin ruwan yakuwar da kika ajiye, ki zuba kaɗan-kaɗan har ya dawo. In ta yi ruwa, ki barbaɗa ƙaramin cokali na garin busasshiyar kuɓewa ya ɗaure ta. In ta yi kauri, ruwan zafi, ba na sanyi ba.

Tuwo

Ruwa ya tafasa, ki ɗebi kofi biyu ki ajiye. Ki dama kashi ɗaya cikin huɗu na garin da ruwan sanyi, tare da tsakin in kina so, ki zuba a tukunya kina juyawa da muciya har ya sake tafasa. Talge ke nan, kuma a nan tuwo yake nuna, ba a wurin tuƙi ba. Ki rufe ki ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, har warin ɗanyen gari ya tafi, ya fara tsalle yana fantsama. Masakwa ta fi masara son wuta, kada ki yi mata gaggawa.

Ki rage wuta ki fara zuba gari da hannu ɗaya kina tuƙawa da ɗayan, tafi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba ya shiga. Ki riƙa jawo tuwon kina matse shi a jikin tukunya, a nan gudaji ke mutuwa. In tukunyar babba ce a kan murhun duwatsu, ki saƙala ƙarafan nan biyu a kunnuwanta ki take da ƙafa, hannuwanki biyu su samu muciya. Ki tsaya da zuba gari tun tuwon yana ɗan laushi fiye da yadda kike so, saboda na dawa yana ƙara tauri in ya huce. Ko garin bai ƙare ba, ki bar sauran.

Ki huda tuwon da muciya wuri uku ko huɗu, ki yayyafa ruwan zafin da kika ajiye, ki rufe ya sulala minti goma zuwa sha biyar a wuta kaɗan. Ki buɗe ki sake tuƙawa da ƙarfi har ya yi sheƙi. Gwajin da na gani wurin goggona shi ne ta jiƙa tafin hannu ta dafa saman tuwon ta ɗaga. In ya biyo hannun, sai ta mayar da murfi ba ta ce komai ba. In hannun ya taso fes, sai ta ce a miƙo mara.

Wasu suna sa ruwan tsamiya a talge don tuwo ya yi haske ya kuma kwana lafiya, wasu kanwa. Da wannan miyar ki bar shi haka nan, tsami a kan tsami ba daɗi, kanwa kuma tana ƙara wa tuwon dawa duhu.

Ki tsoma mara a ruwa ki kwasa, ki malmala a ƙoƙo, ki jera a kwano mai murfi ko kula. Ni ba na ƙulla tuwo mai zafi a siririyar leda. Gwamnatin Kamaru ma ta hana irin wannan ledar tun 2014, ko da yake kasuwa ba ta ji ba.

Wurin ci, ki soya man shanu da 'yar albasa ki zuba cokali a kan miyar kowa, yaji kuma a gefe.

Abin da ya rage, da na rani

Kada miyar ta kwana a tukunyar dalma. Tsami yana cin jikinta, da safe ki ji miyar tana ƙarnin ƙarfe. Ki juye a kwanon silba mai kyau ko na tangaran. In ba firji, ki tafasa ta da dare kafin ki kwanta, kada a sake sa mata cokali, ki kuma tafasa da asuba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, miyar gyaɗa ba ta kai wa azahar ɗin gobe ko an yi haka, saboda haka ki dafa daidai cikinku. Tuwon kuwa ɗumamensa da wannan miya ya fi na daren daɗi. Ki yanka shi, ki yayyafa ruwa, ki turara.

In kin haye gadar Ngeli daga Kusiri kika shiga Njamena, za ki tarar da miyar nan da ɗan bambanci. A can karkanji ake ce wa yakuwa, sau da yawa kuma busasshen nama da suke kira sharmut ake dakawa a sa a madadin banda, da garin busasshen tumatir. Mai son gwadawa ta daka naman ya yi laushi, ta soya shi tare da albasa tun farko, sauran aikin duk ɗaya ne.

Wajen Oktoba, lokacin da yakuwa ta cika kasuwa tana araha, ki saya da yawa ki tsinke, ki wanke, ki baza a inuwa inda iska ke bi, kina juyawa har ta bushe ƙaras tana karyewa a hannu. Rana tana ƙona ta ta yi baƙi. Ki zuba a tulu ko bokiti mai murfi inda danshi ba ya kaiwa. Ranar dafawa, tafi huɗu cike sun tsaya a madadin ɗauri ukun nan. Ki jiƙa a ruwan zafi minti ashirin, ki wanke yashin, ki tafasa minti goma maimakon biyar. Busasshiya ta fi ɗanya kaifin tsami kuma ba ta narkewa da wuri, saboda haka a nan cokali ɗaya ko biyu na ruwan kanwa yana da hujja, ki sa shi a ruwan tafasar ganyen, ba a cikin miya ba.